Mikaila Mai Bin Bayan Tafinta

A tashar lori ta Salaga, in ka zauna wajen mai koko ka ambaci sunan Mikaila, ba za a rasa wanda zai rage murya ya ce maka ai shi ne wanda ya auri aljana a Accra ba. Wai tana zaune cikin akwatin ƙarfe da ya fi lorin doya girma, ba ta cin tuwo, ba ta shan fura, sai kati mai huji-huji. Wai in zafi ya taɓa ta sai ta yi yaji, shi ya sa gwamnati ta gina mata ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. In ta ƙoshi kuma sai ta amayo takarda mai tsawo kamar daga nan zuwa Kpembe, shi kuwa ya durƙusa yana karanta aman. A Yendi an ƙara da cewa sun haihu. A Bawku an ce 'yan biyu ne.

Ƙarya ce, jama'a, kuma ni na isa in faɗa. Mikaila taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Atikatu, ƙanwar ubana ce ciki ɗaya, don haka ni Nashiru tun yana yawo ba wando nake tsokanarsa, kuma ba ranar dainawa. Matarsa mutum ce, sunanta Zuleha, 'yar Bawku, tana da hanci tana da baki, bakin ma ya fi hancin aiki. Akwatin kuwa akwai shi, na leƙa shi ta gilashi da idona, kwamfuta ake ce masa. Aman takardar ma gaskiya ne. 'Yan biyun ne kawai ban gani ba.

Wannan durƙuso a kan takarda ba a Accra ya koyo shi ba. A nan Salaga ya same shi, tun Bature bai tafi ba. Ubansa, Allah ya jiƙansa, ya yi shari'a da wani maƙwabci a kan rijiya. Kowa ya san a Salaga rijiyoyi sun fi mutane yawa, amma mai ruwan daɗi ita ake kai wa juna hannu a kanta. Tsohon ya tsaya gaban Bature ya zuba bayani, tun daga kakansa da ya haƙa ta har zuwa gugar da aka saya bara, sai da yawu ya ƙafe masa. Tafinta ya saurara, ya juya, ya yi wa Bature wani ɗan Turanci da bai kai tsawon atishawa ba. Bature ya gyaɗa kai. Rijiya ta tafi.

A hanyar gida Mikaila ya ja zanen uwarsa ya ce, "Inna, sauran maganar Baba ina ta shiga?" Amsar nan, da kansa ya ci gaba da neman ta.

Tun daga ranar, in aka aiki mutum a gabansa, sai ya bi bayan ɗan aiken. Da ubansa ya rasu aka kai shi Yendi gidan baffansa, malami ne mai littattafai har rufin ɗaki, yana karatun allo da asuba yana zuwa boko da hantsi. A can, in matar gida ta aika a karɓo gishiri, Mikaila na biye, don ya ji da kunnensa ko gishirin aka ce. Ni na laƙa masa Bin-Baya, sunan kuwa ya zauna daram. Ni ma na taɓa bokon. Na yi rabi, na ga malamin ba ya son jin ra'ayina, muka rabu lafiya, na kama lorin doya. Mikaila ya ƙarasa nasa har da na wasu.

Shekarar da aka yi jamhuriya ya samu aikin akawu a Bawku, yana rubuta shanun da ke shigowa daga ƙasar Mosi. Ya kama ɗaki kusa da gidan Alhaji Issah, maigidan fatake, wanda masu shanu ke sauka wurinsa ya sayar musu. Alhaji mutum ne na kara, kasuwar shanu ke nan, kuma duniya a wurinsa kashi biyu ce, mai tayi da mai kallo. Yakan ce, "Mai kallo ba ya riƙe igiya." A ƙofar gidan, ƙarƙashin rumfa, 'yarsa Zuleha take da keken ɗinki. Mikaila ya kai mata wando a gyara. Ya sake kaiwa. Ya yi ta kai wandon nan har ba sauran zaren asali a jikinsa, faci ne ke riƙe da faci. Ita ta gane, shi ya gane ta gane, kajin gidan ma sun gane. Amma bakinsa bai buɗe ba, wai sai ya samu aikin da zai tsaya da ƙafafunsa.

Ana nan aka yi wata jarrabawar lissafi, ya ci, aka kwashe shi zuwa Accra koyon aikin kwamfuta a wani ofishin gwamnati. Da aiki ya zauna masa, ya zo Salaga hutu, ya kira ni bayan gida.

To, a wurinmu, kafin manya su ɗauki goro su je neman aure, ana tura wani ya share hanya. Kuma kowa ya san aikin ɗan aike. Mai saƙo ƙashi yake ba ka, kai za ka sa masa nama. Ka gaida maigida, ka gaida gajiyarsa da damina da shanu, ka jero asalin yaro, ka yabi halinsa, ka kewaya ka kewaya, sa'an nan ka ajiye maganar a hankali kamar ƙwai. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a wannan fanni daga Yeji har Pusiga ba ni da na biyu.

Mikaila ya ce, "Nashiru, kai ne mai zuwa Bawku, kai zan aika. Amma na san ka. In aka ba ka allura ka kai, garma ce za ta isa."

Na ce, "Sharri dai, Bin-Baya."

"Rantse ba za ka ƙara komai ba. Abin da na faɗa, shi za ka faɗa."

Na yi dariya, na ga bai yi ba. Ya tsare ni da idon nan nasa na ranar rijiya. Na rantse da Allah, jikan malamai kuwa ba ya wasa da wannan.

Ya ce, "Ka ce ina gaishe shi. Ka ce aiki ya zauna. Ka ce maganar nan, in Allah ya so, wata rana."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Zai gane."

Na hau lori, muka bi ta Bimbila da Yendi, muka gangara dutsen Nakpanduri direba yana salati muna amsawa. Na samu Alhaji Issah a zaure. Na durƙusa, na zazzage masa ƙashin nan tsirara, ba nama ba romo. Wallahi maganganu sun taru mini a maƙogwaro kamar na haɗiyi garin rogo ba ruwa, amma rantsuwa ta danne su.

Alhaji ya jira. Da ya ga na yi shiru ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi ƙofa ko akwai wani a bayana. Ya ce, "To. Allah ya kai mu wata ranan." Ya juya ya ci gaba da maganar wani bijimi da baƙonsa.

Ina fitowa Zuleha ta tsayar da keke. "Ɗan Salaga, zo nan. Me ya ce?"

Na maimaita.

"Me ka zubar a hanya?"

"Ko ƙwaya."

"Kai da in ka ga akuya sai ka ce raƙumi, yau kai ne ka zo mini da wannan?" Ta ciji zare ta tofar. "To ka koma ka gaya masa ni ba wandonsa ba ce, da zai rataye sai wata rana. Mutanen wani direba sun zo neman aurena daga Tenkodogo, ni na ce wa Baba a dakata. In layya ta wuce ban ji magana cikakkiya ba, ni da bakina zan ce a karɓi goronsu." Ta taka keken nan kamar shi ya yi mata laifi.

Na aika wa Mikaila saƙon Zuleha ta hannun wani mai lori. Amsar da ta dawo gajeriya ce, wai Nashiru ya ɓata. Gwaggo Atikatu ta daina amsa gaisuwata. Dangi kaf suka yanke hukunci cewa na je na yi surutun da ya kori Alhaji. Sau ɗaya a rayuwata na faɗi magana ba gishiri, kuma ita ce aka ƙi yarda da ita! Na ce ba zan ɗauki wannan ba. Aka yi lodin doya, na haye sama, muka tsallaka a jirgin fito na Yeji, sai Accra.

Na same shi ranar Lahadi da hantsi a ɗakinsa na haya a unguwar Nima. Ya rame, wuya ya yi tsawo kamar na zalɓe. Ko kallona bai yi ba. Ya shimfiɗa wata takarda mai ninki-ninki daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, ya durƙusa a kanta da fensir.

Na ce, "Salamu alaikum, mai gidan takarda. Na zo wanke kaina."

"Zauna, kada ka taka. Ina da wani maƙaryacin a gabana, in na gama da shi in zo kanka."

Na zauna na buɗe wake da shinkafar da na sayo a hanya, na ce ya ba ni labarin abokin laifina. Ashe a ofis an ba shi aiki ya sa kwamfuta ta lissafa maganin shanun da za a aika arewa. Babbar saniya awo guda, maraƙi rabin awo. Da sakamako ya fito, na manya daidai, amma na maruƙa babu. Salaga sifiri, Yendi sifiri, Bawku sifiri. Shugabarsa, wata 'yar ƙabilar Fante mai tabarau, ta gano kafin takardar ta bar ofis, ta dawo masa da ita ta ce ya nemo inda maruƙa suka shiga.

Na ce, "To ka tambayi akwatin mana."

Ya ce, "Ai ba kai tsaye nake magana da ita ba. Ni da wani harshe nake rubutawa, Fotran, mai kama da lissafin makaranta, a huda shi a kati. Ita kuwa ba ta jin sa. Abin da take ji 'yan ƙananan umarni ne, ɗauko wannan, ajiye can, haɗa, raba, tsallaka. Akwai wani shiri a tsakaninmu, kompaila, shi ke juya layina guda ya koma nata goma ko ashirin."

Na ajiye cokali. "Tafinta ke nan."

"Tafinta ke nan."

"Wayyo Bin-Baya! Ka gudu daga Salaga ka zo ka faɗa hannun kakansu."

Ya ce, "Amma wannan yana da hali guda mai kyau. In ka sa kati a gaba ka nema, zai buga maka duk abin da ya gaya mata, umarni bayan umarni. Asambili ake ce wa wannan. Abokan aikina ba sa nema, wai ɓarnar takarda ce. Ni jiya na nema. Ga shi nan, yau zan kama shi dumu-dumu."

Na leƙa. A gefe ga layinsa ɗan tsurut, a ƙarƙashi ga na tafinta sun jeru kamar tururuwa, gajerun kalmomi da lambobi. Ya ɗora fensir yana bi yana fassara mini da ƙarfi, yana jin daɗi kamar mafaraucin da ya ga sawu.

"Ga inda na ce ɗaya bisa biyu, rabin awo ke nan. To ji abin da ya gaya mata. Ɗauko ɗaya. Raba shi biyu. Ajiye abin da ya fito, zubar da ragowa." Fensir ya tsaya. Ya koma baya. "Zubar da ragowa."

"Ka kama shi?"

Ya dubi layinsa, ya dubi na tafinta, ya sake duban nasa. Can ya zauna daɓas a kan dugadugansa.

Ya ce a hankali, "Lamba iri biyu ce a wurinta. Akwai ta ƙirga kai, kamar shanu a kara, akwai ta awo, kamar man gyaɗa a kwalba. In ba ka gaya mata ta awo kake nufi ba, ta ƙirga kai take ɗauka. Saniya guda, mutum biyu, kowa ya samu saniya nawa a tsaye?"

"Ba ko ɗaya. Sai dai a yanka."

"To ita ba ta yanka. Rabi a wurinta babu ne. Ta ninka babu da yawan maruƙa, ya ba ta babu." Ya shafa fuska. "Bai yi ƙarya ba, Nashiru. Abin da na rubuta shi ya kai. Ni ne na bar sauran a cikina, na zaci za ta gane."

Na ci gaba da cin wakena, don na ga abin ya fara daɗi. Can ya juyo, wannan karon ya dube ni sosai.

"Maimaita mini abin da ka faɗa wa Alhaji."

Na miƙe tsaye, na gyara riga, na rattaba masa. Yana gaishe ka. Aiki ya zauna. Maganar nan, in Allah ya so, wata rana.

"Sai me?"

"Shi ke nan. Zai gane."

Ya ji maganarsa da kunnensa, daga bakin wani, a karon farko. Na ga ta faɗo masa a ka kamar ɓawon kwakwa. Ya ce, "Wannan ai ba tayi ba ne."

Na ce, "Kallo ne, ɗan gwaggo. Kallon ma daga nesa."

"Layya saura yaushe?"

"Raguna sun fara tsada."

Ranar Litinin ya gyara katinsa, maruƙa suka samu maganinsu, ya roƙi 'yar Fante hutu ta ba shi. Muka kamo hanya. A Salaga ya gaya wa Gwaggo ba laifina ba ne, ta ce to wannan karon. A Yendi muka ɗauki Baffa Malam da ƙullin goro. A cikin lori Mikaila ya matso kunnena ya ce, "Ka faɗa yadda ka iya, ka sa naman. Amma zan saurara."

Na ce, "Mai neman aure ba ya shiga zauren suruki."

"Zauren yana da taga."

Muka isa Bawku gari ya cika da kukan raguna. Baffa Malam da ni muka shiga, Mikaila ya laɓe a bayan katanga ƙarƙashin taga. Daga cikin gida ana jin keken Zuleha yana ta sukuwa. Baffa ya yi addu'a, ya ba ni dama. Jama'a, na buɗe baki. Duk abin da ya taru mini tun zuwan farko ya ɓalle kamar kogin Volta ya cika. Na gaida Alhaji, na gaida shanunsa ɗaya bayan ɗaya, na jero kakannin Mikaila har wanda ya haƙa rijiya. Sa'an nan na shiga yabo.

Na ce a Accra gwamnati ba ta shan ruwa sai ta tambayi Mikaila. Daga bayan taga aka yi tari.

Na ce akwatin ƙarfen nan in ya shigo ɗaki sai ta rusuna ta gaishe shi, kuma ba ta cin abinci daga hannun kowa sai nasa. Tari, har biyu.

Na ce shi kaɗai ya ceci maruƙan arewa kaf daga halaka. Tarin da aka yi sai da wata kaza ta tashi.

Na ce kuma, Alhaji, tun ranar da yaron nan ya bar Bawku bai ƙara kai wandonsa wurin wani tela ba. Yana nan yana yawo da shi a yage, a babban birni, a gaban manyan mutane.

Shiru.

Alhaji Issah ya karkata kunne wajen taga. Ya ce, "Wannan karon bai yi tari ba." Ya ɗaga murya. "Kai mai tarin nan, shigo, kada ka mutu mini a bayan katanga a ce ni ne."

Baffa Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kunya kamar ƙasa ta tsage. Mikaila ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa, gumi yana bin wuyan nan na zalɓe.

Alhaji ya ce, "Akawu, na ji na ɗan'uwanka, na gode, shanuna ma sun gode. Yanzu kai. Tayi ka zo yi, ko kallo?"

Na ji keken cikin gida ya tsaya.

Mikaila ya ce, "Tayi, Baba. Zuleha nake nema da aure. Ba wata rana ba, yau na zo. In an ba ni, ba zan koma Accra ba sai da ranar ɗaurin aure a hannuna."

"Yauwa. Yanzu ka riƙe igiya." Alhaji ya jawo ƙullin goro gabansa amma bai kwance ba. "Sai dai mai abin tana ciki, ita ta sa layya a tsakani, ba ni ba. Bari a tambaye ta."

Ba a kai ga aikawa ba. Daga tsakar gida Zuleha ta ɗaga murya, kamar da kekenta take magana. "Wani ya karɓo wandon nan a gyara kafin Sallah, kada a kunyata mu a masallacin idi."

Alhaji ya kwance goro.

Akwai wasu fatake a zauren ranar, sun ji zancen akwatin da ke rusunawa. Ban ce su suka kai labari tasha ba. Ban kuma ce ba su ba ne. Yadda rusunawa ta zama aure, aure ya zama 'yan biyu, wannan sai a tambayi hanya.

Har yanzu Mikaila duk aikin da ya rubuta sai ya nemi doguwar takardar nan ya bi ta da fensir. Abokan aikinsa sun gaji sun ƙyale shi. Zuleha ta ce in ya gama takan yanka ta ta yi awon riga, don haka ba asara. Bana da suka zo Salaga muna cin tuwo a tsakar gidan Gwaggo, na ce bari in taɓa shi.

Na ce, "Bin-Baya, faɗi gaskiya a gaban uwarka. Ka ƙare boko, ka ƙare allo, ka je Accra, amma sai da akwatin ƙarfe ya koya maka neman aure. Ni da rabin karatuna tun a zaure na san ba a kai ƙashi tsirara. Wa ya fi wani ilimi?"

Ya gama tauna lomarsa, ya sha ruwa, ya ajiye moɗa.

Ya ce, "Nashiru, ka gode wa Allah ba kwamfuta aka ba lissafin karatunka ba. Ka dai ga abin da take yi da rabi."